Kyamarar tara ko kyamarar nazari: wacce za a kafa a mahaɗar da ke cin rai?

Duk lokacin da wata mahaɗar hanya ta yi ƙaurin suna wajen haɗari, maganar da ake fara ji daga jama'a har hukuma ita ce a sa kyamara. Ba a cika tambayar wace iri ba. Alhali kyamarar da ake kafawa a mahaɗa iri biyu ce, kuma ko da yake in ka ɗaga kai ka dube su a kan turke da wuya ka bambance su, aikinsu ya sha bamban. Ta farko tana fakon direban da zai karya danja, ta ɗauki lambar motarsa, a aika masa takardar tara. Ta biyu ba ruwanta da lambar kowa. Zirga-zirgar wurin take naɗa baki ɗaya, awa bayan awa, domin injiniya ya zauna ya ga ta ina motoci da babura da masu tafiya a ƙasa suke shiga gaban juna, sau nawa, kuma da wane gudu. Zan riƙa kiran ta farkon kyamarar tara, ta biyun kuma kyamarar nazari.

Mai riƙe da kasafin ma'aikatar sufuri, da injiniyan da aka ce ya kawo shawara, da kwamitin unguwar da ke shirin kai koke, duk wannan zaɓin ne a gabansu. Yawancin hujjojin da zan kawo daga Amurka suke, domin a can aka fi gwada iri biyun aka kuma rubuta abin da ya biyo baya. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayyar ƙasar ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen hanya, da kusan rabin raunukan da ake samu, a mahaɗa suke faruwa. Dalilin a bayyane yake. A mahaɗa mai baki huɗu, in aka zana layin da kowace mota za ta iya bi, akwai wuri 32 da layukan suke sarƙewa ko haɗewa ko rabuwa. A ƙaramin shataletale mai layi ɗaya wuri 8 ne kacal.

Abin da kyamarar tara ta iya

Ita wannan a haɗe take da akwatin da ke sarrafa danja. Da zarar fitila ta koma ja, na'urar da aka binne a kwalta ko radar da ke kan turke za ta fara lura da layin tsayawa. Motar da ta ƙetare layin bayan jar ta kama, a ɗauke ta hoto biyu: ɗaya tana bakin layi ga jar fitila a samanta, ɗaya kuma ta riga ta kai tsakiyar mahaɗa. Sau da yawa akan haɗa da gajeren bidiyo, sannan jami'i ya duba kafin a fitar da takarda. Wanda ya shiga tun fitila tana ruwan ɗorawa ba shi da laifi.

Matsalar da aka yi ta dominta ba ƙarama ba ce. A 'yan shekarun nan karya danja yana kashe sama da mutum 1,000 a shekara a Amurka, kuma kusan rabinsu ba masu laifin ba ne: masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da waɗanda ke cikin motar da aka daka.

A 2005 hukumar manyan hanyoyin ta fitar da bincike a kan wurare 132 da aka sa irin wannan kyamara a yankuna bakwai. Karon da mota ke dukan wata a haƙarƙari ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Amma karon da ta baya ke dukan ta gaba ya ƙaru da kusan kashi 15. Kowane direba zai gane dalili: mutum ya san akwai kyamara, fitila ta canza yana dab da layi, sai ya danna birki da ƙarfi, na bayansa kuma bai shirya ba. Masu goyon bayan kyamarar suna cewa cinikin ya yi riba, kuma a nan ina tare da su. Wanda aka daka ta baya yana da but ɗin mota da kujera da tazara tsakaninsa da ƙarfen da ya doke shi. Wanda aka daka a gefe ƙofa ce kawai tsakaninsa da hancin motar. A 2016 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora, IIHS, ta kwatanta manyan biranen ƙasar, ta gano cewa inda aka sa kyamarori mummunan haɗarin karya danja mai kisa ya ragu da kashi 21, inda kuma aka kashe su bayan an saba da su ya ƙaru da kashi 30.

Sai dai ba kowane bincike ne ya fito da wannan kyakkyawar fuska ba. A Nuwamban 2010 mutanen Houston suka jefa ƙuri'a aka cire kyamarorin birnin. Masana tattalin arziki biyu, Justin Gallagher da Paul Fisher, suka bi diddigin abin da ya faru bayan haka. Karon gefe ya ƙaru kamar yadda aka zata, sauran nau'o'in karo suka ragu, da aka haɗa jimilla kuma ba su ga shaidar cewa kyamarorin sun rage yawan haɗari ko yawan masu rauni ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne amfanin kyamarar tara ya danganta da irin haɗarin da ya fi yawa a wurin. Inda karon gefe ne ke kisa, tana da rana. Inda ba shi ba ne, za ta iya ƙara maka wani ciwon ba tare da ta rage wanda ya dame ka ba.

Akwai kuma batun fitilar ruwan ɗorawa, wanda masu sayar da kyamara ba su cika son a taɓo ba. A Philadelphia an yi gwaji mataki biyu. Da farko aka ƙara wa ruwan ɗorawar kimanin sakan ɗaya, ba a sa komai ba, sai karya danja ya ragu da kashi 36. Daga baya aka sa kyamara, ya sake raguwa da kashi 96 na abin da ya saura. Kowane ɓangare yakan ɗauki rabin da ya yi masa daɗi a wannan labari. Ni abin da na gani shi ne fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake kira masu laifi, agogon danjar ne ya mayar da su masu laifi, kuma gyaran agogo aikin ma'aikaci ɗaya ne da mabuɗin akwati.

Inda kuɗi ya shigo

Kyamarar tara sau da yawa tana biyan kuɗin kanta, wani lokaci har da rara. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin hukumomi gare ta, kuma shi ne ke kashe ta. Shikago ta gina ɗaya daga cikin tsare-tsare mafi girma a ƙasar, sai ga shi a 2016 an ɗaure wani jami'in sufuri na birnin, John Bills, shekara 10 saboda karɓar cin hanci daga kamfanin Redflex da ya riƙe kwangilar. Kafin nan, a 2014, an gano an ci dubban direbobi tara a wuraren da ruwan ɗorawar bai cika sakan 3 da birnin ya ƙayyade ba. Daga ranar da jama'a suka yarda cewa kyamara tarkon kuɗi ce, hujjar ceton rai ta daina shiga kunnensu. Garuruwan Amurka masu irin wannan kyamara sun haura 500 a 2012, bayan shekara goma suka koma ƙasa da 350, jihar Teksas kuma ta haramta ta a 2019.

Babban gibinta a wurina ma ba wannan ba ne. Laifi ɗaya tak take gani. Direban da aka ba kore ya sha kwanar hagu ya kaɗe mai tsallaka titi bai karya danja ba. Babbar motar da ta sha kwana ta matse mai babur a gefenta ba ta karya danja ba. Mahaɗar da allon talla ya tare wa direba gani, ko wadda faɗinta ya sa tsoho ba ya iya gama tsallakawa kafin fitila ta canza, duk kyamarar tara za ta shekara a wurin ba ta ce uffan ba.

Ƙirga saura-ƙiris

Tunanin da ke bayan kyamarar nazari ya girmi kwamfutar da ke aikin a yau. A ƙarshen shekarun 1960 wasu masu bincike biyu na kamfanin General Motors, Perkins da Harris, suka fara tsayawa a mahaɗa suna ƙirga taka birkin gaggawa da kauce-kauce. A 1977 masana suka haɗu a Oslo suka amince da ma'ana guda ta saura-ƙiris: duk yanayin da masu amfani da hanya biyu ko fiye suka kusanci juna har ta kai in ba wanda ya canza tafiyarsa za su yi karo. Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Christer Hydén, ita ta mayar da abin fanni mai ƙa'ida, inda ake horar da masu lura su tsaya a bakin hanya da takarda suna auna tsananin kowane saura-ƙiris.

Me ya sa za a ƙirga haɗarin da bai faru ba? Saboda wanda ya faru, duk da zafinsa, bai da yawan da za a yi lissafi da shi. Mahaɗar da ake samun mummunan haɗari uku a shekara wuri ne mai hatsari ƙwarai, amma uku ba adadin da zai nuna maka tsari ba ne. Shi ya sa injiniyoyi kan tara bayanan shekara uku zuwa biyar kafin su yanke hukunci, sannan su sake jiran wasu shekarun kafin su san ko gyaran ya yi aiki. Kamar a ce sai tulu ya fashe sau goma kafin a yarda hanyar rafi tana da santsi, alhali kowace safiya ana ganin masu ɗebo ruwa suna zamewa a wuri ɗaya. Ga kuma wata yaudara da ƙananan adadi ke yi: wurin da aka samu haɗari shida bana bayan an saba da uku, baɗi zai iya komawa uku ko ba a taɓa shi ba. In ka kafa wani abu a tsakani, sai ka ɗauka kai ka yi maganin.

Ga yadda aikin yake a kan allo. Wata mata ta sauko daga gefen titi da jaka a hannu, fitilar masu tafiya a ƙasa ta ba ta hannu. Wata mota ta shigo mahaɗar za ta sha kwanar hagu, ita ma kore ne a gabanta. Direban idonsa na kan motocin da ke tahowa ta gabansa, yana neman tazarar da zai kutsa. Ya samu, ya taka mai. Matar ta ɗauke ƙafarta daga wani wuri a kan kwalta, jim kaɗan tayar motar ta hau daidai wurin. Bidiyon yana ɗaukar hoto 30 a kowane sakan, sai mai nazari ya tsayar da shi ya ƙirga: hoto 24 ne tsakanin ɗauke ƙafarta da isowar tayar. Wato sakan 0.8, kuma wannan tazarar ita ce ma'auni na farko. Ba wanda ya ji ciwo, ba ɗan sandan da ya rubuta komai, wataƙila ita kanta tsaki kawai ta yi ta wuce. Amma in aka ga irin wannan sau da dama a mako guda a kusurwa ɗaya, an san inda gawa ta gaba za ta faɗi.

Ma'auni na biyu da ake yawan amfani da shi shi ne sakan nawa suka rage a yi karo da kowa ya ci gaba da gudunsa a kan layinsa. Yawanci abin da ya gaza sakan 1.5 shi ake ɗauka da muhimmanci. Don a ji nauyin wannan adadi: mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya, don haka sakan ɗaya da rabi bai wuce mita 21 ba.

Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne juriya. Manhaja tana gane kowace mota da keke da mutum a cikin hoton, ta bi sawunsa daga shigarsa zuwa fitarsa, ta mayar da tafiyar zuwa mitoci da sakanni. Masu bincike a Kanada, musamman Tarek Sayed da Nicolas Saunier, suna cikin waɗanda suka share wannan hanya.

Birnin da aka fi kafa misali da shi shi ne Bellevue, maƙwabcin Seattle a jihar Washinton, mai mutum kimanin 150,000. A ƙarshen 2015 majalisar birnin ta ɗauki manufar kawo ƙarshen mace-mace da munanan raunuka a titunanta kafin 2030, manufar da ta samo asali daga Suwidin, inda majalisar dokoki ta amince da ita a 1997. Birnin ya riga yana da kyamarorin lura da cunkoso a kan danjojinsa, sai ya haɗa kai da Microsoft da Jami'ar Washinton don a koya wa kwamfuta karanta hotunan. Har jama'ar gari aka roƙa a 2017 su shiga intanet su riƙa yi wa hotuna alama, wannan mota ce, wannan mai keke ne. A 2019, tare da kamfanin Transoft, aka nazarci bidiyon sama da awa 5,000 daga mahaɗu 40. A wata mahaɗa da nazarin ya nuna kwanar hagu ce matsalarta, aka canza danjar ta yadda masu shan kwanar suke da nasu lokacin su kaɗai, ba sai sun yi ta neman tazara ba. Munanan saura-ƙiris suka ragu da kimanin kashi 60. Daga baya aka gwada ba masu tafiya a ƙasa hannu 'yan sakanni kafin motoci, domin su riga su shiga titi direba ya gan su kafin ya fara kwana, aka ga arangamarsu da motoci ta ragu da kashi 42.

A lura da abu biyu a labarin Bellevue. Ba kyamara ce ta rage komai ba, canjin danja ne ya rage. Kyamarar ta nuna inda za a taɓa, sannan ta ba da amsa cikin makonni maimakon shekaru. Na biyu kuma, abin da aka auna ya ragu saura-ƙiris ne, ba gawa ba.

Raunin kyamarar nazari

Wannan na biyun shi ne babban abin da masu suka ke riƙewa, kuma suna da gaskiya daidai gwargwado. Alaƙar da ke tsakanin yawan saura-ƙiris da yawan haɗari tana nan, bincike da dama sun nuna ta, amma ba ƙa'ida ce guda da za ka ninka wannan ka samu wancan a ko'ina ba. Akwai haɗarin da ba ya ba da sanarwa: wanda ya sha ya bugu da ƙarfe biyun dare, ko babbar motar da birkinta ya tsinke. Mako guda na bidiyo ba lalle ya kama irinsu ba.

Ita manhajar ma tana da makantarta. Bas ya tare ƙaramar mota, sai ta ɓace mata ta sake bayyana a matsayin wata motar daban. Dare da ruwan sama da hasken rana mai dukan gilashin kyamara duk suna rage mata gani. In an kafa kyamarar ƙasa-ƙasa, ko ba a daidaita ma'aunin hoton da ainihin faɗin titi ba, gudun da za ta lissafa ƙarya ne, kuma duk abin da aka gina a kansa ƙarya ne. Don haka duk wanda ya karɓi rahoton kwamfuta bai sa mutum ya kalli wani yanki na bidiyon da idonsa ya tabbatar ba, ya sayi kaya a cikin buhu.

Sannan kyamarar nazari ba ta tsorata kowa, ba ta kawo ko sisi. Kyamarar tara tana fara canza halin direba tun ranar da aka kafa allon gargaɗi. Ta nazari kuwa rahoto take haifarwa, kuma rahoton da ba a ware kuɗin aiwatar da shi ba a durowa yake ƙarewa. Hukumar da kuɗinta na sayen kyamara ne kawai, babu na fenti da siminti da gyaran danja, gara ta rage yawan kyamarorin ta bar wani abu na gyara.

Ta fuskar sirrin jama'a kuwa ta nazari ce mai sauƙi. Ba ta bukatar fuska ko lamba, hoto mai ɗan dishi-dishi ma ya ishe ta, kuma ana iya goge bidiyon da zarar an ciro layukan tafiya. Kyamarar tara dole ta san kai wane ne da inda kake kwana.

Mutum ko kwamfuta, dindindin ko na ɗan lokaci

Ko an zaɓi nazari, akwai sauran zaɓi a ciki. Bellevue ta yi amfani da kyamarorin da ta riga ta mallaka, masu wuta da layin sadarwa dare da rana. Garin da ba shi da wannan bai kamata ya fara da shi ba. Kyamara ɗaya mai matsakaicin inganci, wadda ke tura megabit 4 a sakan, tana tara kimanin gigabait 43 a rana. A ninka da kyamarori arba'in a ga abin da ake magana a kai wajen ajiya da kuɗin intanet. Hanya mai sauƙi ita ce kyamara mai batir da katin ajiya, a ɗaure ta a saman dogon turke ko benen da ke kallon mahaɗar, ta yi kwana uku zuwa bakwai, a sauke ta a kai wata mahaɗar. Bidiyon kuma ko a ba kamfani ya sarrafa da manhaja, ko a zaunar da ɗaliban injiniya da aka horar su kalla. Tsarin Lund da mutane aka gina shi, kuma har yanzu yana aiki. Mutum yana gajiya, biyu kuma sukan saɓa a kan tsananin abu ɗaya, amma mutum yana ganin abin da manhaja ba ta gani: cewa direban waya yake dannawa, ko cewa masu tsallakawa suna kauce wa layin da aka zana musu ne saboda kwata ta cika a bakinsa.

In za a kawo wannan gida

Najeriya da Nijar suna tuƙi a hannun dama kamar Amurka, don haka kwanar hagu mai yanke gaban masu tahowa ita ce mai hatsari a nan ma. Amma akwai bambance-bambancen da ke sauya lissafin, kuma kusan dukkansu sun karkata ga nazari.

Na farko, bayanan haɗari. A 2016 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta rubuta mutuwar mutum dubu biyar da 'yan kai a hanyoyin Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta kusan 40,000 a shekarar. Ko wane adadi mutum ya fi yarda da shi, kowa ya san yawancin karon cikin gari a bakin titi ake sasanta shi, wanda ya ji rauni a sa shi a adaidaita sahu a yi asibiti, babu takarda. Inda rajista ba ta cika ba, bidiyo ne kaɗai shaidar da ba ta dogara da wanda ya kai rahoto ba.

Na biyu, kyamarar tara tana tsaye ne a kan ƙafa uku: danja mai aiki kullum, lambar mota mai karantuwa, da rajistar da ke haɗa lambar da mai motar na yanzu. Legas ta yi nisa wajen kyamarori masu karanta lamba da tura saƙon tara ta waya. Amma inda danja ke mutuwa in an ɗauke wuta, babura da yawa ba su da lamba, mota kuma ta sauya hannu uku takardunta na ɗauke da sunan mai ita na farko, tarar za ta riƙa faɗawa kan 'yan tsirarun da suka yi rajista daidai, sauran su wuce. Ga kuma dokar Najeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023, wadda duk mai tara lambobi da adireshin mutane sai ya yi lissafi da ita.

Na uku gargaɗi ne ga masu nazarin. Manhajar da aka horar da hotunan titunan Turai da Amurka ta san mota da bas da babur da keke, amma ba lalle ta san adaidaita sahu ko mai tura kura ba. Kuma a cunkoson da ababen hawa ke gogar juna da tafiyar ƙafa, ma'aunin sakan 1.5 zai cika maka rahoto da dubban saura-ƙiris da ba su da hatsarin komai. Dole a haɗa tazarar lokaci da gudu, a kuma fi ba da nauyi ga inda mai ƙarfe ya haɗu da wanda ba shi da kariya. Hazon hunturu ma abin lissafi ne wajen zaɓen watan da za a ɗauki bidiyo.

To wacce?

In ba a san takamaiman abin da ke haddasa haɗari a mahaɗar ba, kuma a mafi yawan lokuta zato ake yi, a fara da nazari na ɗan lokaci. Shi ne mai araha, ba ya jawo rigima da jama'a, kuma amsarsa ce za ta nuna ko ana bukatar ɗayar. Sau da yawa abin da zai fito gyara ne da ba ya bukatar kyamara ko ɗaya: ware wa masu kwanar hagu lokacinsu, ƙara ruwan ɗorawa, barin dukkan ɓangarori a ja na sakan ɗaya ko biyu kafin a saki na gaba, gina tsibirin da mai tsallakawa zai tsaya a tsakiya, ko matsar da tashar da ke tare gani. Wani lokaci kuma amsar ita ce a rushe mahaɗar a yi shataletale. Binciken da aka yi a 2001 kan wurare ashirin da 'yan kai da aka mayar haka a Amurka ya nuna haɗari mai rauni ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu.

Kyamarar tara ta cancanci kuɗinta ne in bidiyon ya nuna direbobi suna shiga da gudu bayan jar ta daɗe da kamawa, karon gefe ne ke kai mutane asibiti, an riga an gyara agogon danjar abin bai daina ba, kuma akwai rajistar da za ta kai takarda hannun mai laifi. In waɗannan huɗun sun cika, a sa ta, a kafa allon sanarwa tun daga nesa, a fara da wata guda na gargaɗi ba tara.

Kowacce aka ɗauka, a kula da takardar kwangila. Kamfanin kyamarar tara a biya shi tsayayyen kuɗi a wata, kada a ɗaura ladansa a kan yawan takardun da aka fitar. Jihar Kalifoniya ta haramta irin wannan biyan a dokarta. Agogon danja ya zauna a hannun injiniyan hukuma, kamfani kada ya taɓa shi. Kamfanin nazari kuma a sa masa sharaɗin miƙa ainihin bidiyon da guntayen kowane saura-ƙiris da ya ƙirga, ba jadawali kawai ba, sannan kuɗin ya haɗa da zagaye na biyu bayan gyara, a ranakun mako iri ɗaya da awanni iri ɗaya da na farko, ba ranar kasuwa a wannan ba ranar Lahadi a wancan.